Waya ta Uku

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Fagge ya san Malam Kyari, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo mai tsagar Barebari da ta soma dusashewa a kumatu, wanda shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, a lungun da ke bayan masu dilar atamfa. Kakansa ne ya taso daga Barno da fataucin kanwa, ya yada zango a Fagge, zangon da har yau ba a tashi ba. Mahaifinsa malami ne, Goni ake ce masa, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Ɗan kuwa ya sauke Alƙur'ani lafiya lau, sannan ya tsallaka Sabon Gari ya tare a shagon wani mai gyaran rediyo, ya koyo sana'ar da yake ci da ita har yau.

Mutum ne mai tsantseni har abin ya yi yawa. In ka kawo masa fanka ka ce kanta ne kawai ya ƙi juyawa, shi da fulogi zai fara. In ya ga ƙafa biyu gare shi, ko an karye ta ukun, to ka ja wa kanka, domin sai ka sha wa'azi a tsaye. Waya ta uku, in ji shi, ita ce mai kwashe wutar da ta ɓace hanya ta kai ta ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. Ƴan kasuwa har suna tsokanarsa da Malam Waya Uku. Ba ya dariya in an faɗa, su kuma suna ɗauka girman kai ne, alhali ba su san daga inda abin ya samo asali ba.

A shekarar 1983 Kyari yana saurayi, shi ne mai haɗa wa wata ƙungiyar makaɗa kayan wuta a Sabon Gari, ba da sanin Goni ba. Shugaban ƙungiyar wani ɗan Zariya ne, Albert, mai kaɗa jitar lantarki. In ya ja tsirkiya, har masu sayar da tsire a bakin titi kan bar nama ya ƙone. Ƙanensa Simon shi ke kaɗa jita ta biyu, yana da hannu shi ma, yana kuma da baki. Albert da Kyari kuwa kwano ɗaya suke ci. Da Sallah Albert ne ke fara buɗe tukunyar naman gidan su Kyari, da Kirsimeti Kyari ne ke rama wa kansa.

Wata Asabar da la'asar aka ɗauke su kiɗan biki a harabar wani otal. Soket ɗin wurin tsohon yayi ne, ya ƙi karɓar fulogin amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita. Ga ango ya iso, ga dangin amarya suna ta yi wa Kyari tsawa. Sai ya yanke fulogin, ya feƙe wayoyi biyu, ya cusa su a ramukan soket ya danne da tsinken ashana, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Ta ukun ya lanƙwashe ta baya ya bar ta tana lilo. Albert ya kafa yatsun hagunsa a kan tsirkiyoyi, ya kai hannun dama ya kama makirufo. Lasifika ta saki wani ƙugi mai kauri, irin wanda ake ji a haƙori kafin a ji a kunne. Albert ya sandare a tsaye, idanu a waje, har sai da mai ganga ya hamɓare shi da kujerar katako. Ya rayu, amma yatsun hagun sun ƙone, suka warke a ƙanƙame, bai ƙara danna tsirkiya ba.

A cikin hayaniyar nan Kyari ya fizge wayoyin, ya tsince tsinken ashanan ya zuba a aljihu. Da aka zo kwashe kaya, sai aka tsinci laya a bayan amfilifaya. Layar Kyari ce, wadda mahaifiyarsa ta ɗaura masa a damtse, igiyarta ta tsinke da safe ya cusa ta a wurin don kada ta ɓata. To, da safen nan kuma an ji Simon, a gaban mutane, yana ce wa yayansa, "Za mu ga ƙarshen hannun nan naka." Faɗan wa zai ja kiɗa ne kawai, irin wanda suke yi kullum. Amma ga magana, ga laya, ga hannu a ƙone, wa zai tsaya neman wata hujja? Simon ya rantse har muryarsa ta dushe, babu wanda ya saurare shi. Kyari yana tsaye a wurin, hannunsa a aljihu. Ya ce a ransa gobe zai faɗa, goben nan ta yi shekara arba'in da ɗaya.

Albert ya farfasa jitar da taɓarya, ya koma sayar da kaset, daga baya kayan waya. Simon ya koma Zariya ya kama koyarwa. Mahaifiyarsu ta rasu ba ta ga sun gaisa ba. Kyari kuwa bai taɓa fashin zuwa gidan Albert a Sabon Gari ranar Lahadi da yamma ba, kuma babu abin wutar da ya lalace a gidan da ba shi ya gyara ba. Albert yakan dafa kafaɗarsa da ƙanƙamammen hannun nan ya ce, "Kai kaɗai ne ɗan'uwana a duniya." Duk ranar da ya faɗa, Kyari ba ya iya cin tuwon dare.

Bara, da damina ta ja baya, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Albert. Ya ɗauke masa ɓarin dama, ya ɗauke magana, ya bar masa hannun hagun nan kaɗai yana motsi. Bayan wata biyu ƴarsa Christy, wadda ke aikin jinya, ta sauka daga adaidaita a ƙofar shagon Kyari da wani tsohon hoto a jaka.

"Baba Kyari, ina wuni. Wata alfarma na zo nema."

"Lafiya lau, ƴata. Ya mai jiki?"

"Jiki kam sai addu'a. Likita ya ce mu yi ta shiri." Ta ajiye hoton a kan teburinsa. "Kullum yatsunsa na hagu suna motsi a kan zanin gado, kamar mai danna wani abu. In na kawo masa hoton nan sai ya kafa wa jitar ido. Na zaga kasuwa, babu irinta. Aka ce in ba a haɗa ta aka yi ba, ba za a samu ba. Kai ne ka san ta."

Hoton baƙi da fari ne. Ga Albert a tsakiya da jitarsa, ga Simon a gefe yana dariya, ga shi kansa Kyari a tsugune kusa da amfilifaya, siriri kamar kara.

"Baba ƙarami fa?" Kyari ya tambaya, bai ɗago ba. "Simon. Ya ji labari?"

"Sau uku yana zuwa daga Zariya. Da ya shigo ɗakin sai Baba ya juya fuska bango, ba ya juyowa sai ya fita. Zuwan ƙarshe a tsakar gida ya zauna yana kuka, tsoho da shi." Ta share ido da bakin gyalenta. "Ni dai ina tsoron su rabu a haka."

Nan Kyari ya kamata ya buɗe baki, ya kuma sani. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ki ba ni sati uku."

Wuyan jitar ya fara nema. Ya same shi a Kasuwar Sabon Gari, wajen wata mai kayan gwanjo, Ogechi, a ƙasan tarin matattun rediyoyi. Tsohon wuya ne na katako mai ruwan zuma, ƙarafunan jikinsa sun sha yatsu har sun yi kwari. Kunnuwa shida na ɗaure tsirkiya ya tsinto su a shaguna uku, ya jiƙa su a kananzir ya goge tsatsar da buroshin haƙori. Gangar jikin kuwa Modu kafinta ne ya yanka masa daga katakon maɗaci, Kyari yana tsaye a kansa da hoton a hannu, yana cewa a ƙara rage ƙugun nan, a zurfafa ƙahon can, har Modu ya ce in ya sake magana zai miƙa masa zarton. Hoto bai nuna launi ba, amma Kyari bai manta ba: ja ne a tsakiya, yana duhu yana duhu har ya koma baƙi a gefe. Sau biyar ya fesa fenti yana gogewa kafin ya yarda.

Abin da ya rage shi ne wanda makaɗa ke kira fikof, wato kunnen jitar, ƴan sandunan maganaɗisu shida da ake naɗe wa wayar tagulla siririya kamar gashi, su ne ke ɗaukar motsin tsirkiya su mai da shi sauti. Akwai sababbi a kasuwa, amma Kyari ya ce muryarsu ta yara ce. Na Albert da hannu aka naɗa su, don haka da hannu zai naɗa. Ya ari keken ɗinkin matarsa Fanta, ya ɗaura maganaɗisun a jikin ƙafar da ake juyawa, yana juyi da dama yana sakin waya da hagu. Naɗi dubu takwas ake so. Lissafin da carbinsa yake yi, kamar yadda ya saba: in ya ƙirga ɗari a zuci sai ya saki ƙwaya ɗaya.

Ran farko wayar ta tsinke ana tsakiyar aiki. Ya warware ya sake. Washegari ta sake tsinkewa, sai ya dubi carbin ya ƙirga ƙwayoyin da ya saki, arba'in da ɗaya. Ya ce wayar ce mara kyau, ya sayo wata. A rana ta uku, da ya saki ta arba'in, hannunsa ya soma rawa, bai kai ƙarshen ɗarin da ke biye ba ya ji ɗan ƙaran nan, tas. Mai hankali zai ce rawar hannun ce ta tsinka ta, shi ma haka ya ce wa kansa. Sai dai bai sami abin da zai ce game da ran farko da ta biyu ba. Daga ƙarshe Fanta ya miƙa wa carbin, ya ce ta riƙa sakin ƙwayar in ya ɗaga kai, kada kuma ta faɗa masa inda aka kai. Da haka aka gama naɗin.

Ran da ya haɗa komai, bayan azahar ne, rana tsaka, lungu cike da hayaniyar masu ɗaukar dila. Ya ɗaure wuya da jiki da kusoshi huɗu. Ya liƙe wayoyi da dalma ɗaya bayan ɗaya, ya jawo wayar ƙasa ya liƙe ta a ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa, ya ja ta da yatsa ya tabbatar ta kama. Ya ɗaura tsirkiyoyi shida, ya jona jitar da wata ƙaramar amfilifaya mai fulogi ƙafa uku, ya kunna. Shiru, tsit, kamar yadda aikin kirki ya kamata ya yi. Sai ya ɗora yatsunsa a kan tsirkiya.

Ƙugin ya taso daga lasifika a hankali, ya yi kauri, ya cika shagon. Kyari ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ƙugin ya ɗauke. Duk wanda ya san aikin ya san ba haka abin yake ba, jitar da aka haɗa daidai in ka taɓa tsirkiyarta ƙara yin shiru take yi. Kuma shekara arba'in yana jin ƙugin kayan wuta iri-iri, ya san muryar kowanne. Wannan sau ɗaya ya taɓa jin sa, a harabar otal ɗin nan.

Ya buɗe cikinta ya bi wayoyin da mitar gwada wuta, babu kuskure. Ya sauya amfilifaya, ya sauya soket, ya sa takalmin roba, ya tsaya a kan katako, ya tuɓe ya tsaya a kan siminti. Duk ɗaya. Ya leƙa ya kira Modu ya ce ya taɓa. Modu ya shafa tsirkiyoyin da tafin hannu, suka yi ƙara mai daɗi, babu ƙugi ko kaɗan. Fanta ta kawo masa abinci, ita ma ya sa ta taɓa, shiru. Ya kai yatsa ɗaya, ƙugin ya dawo.

"Ikon Allah," in ji Fanta, ta ja da baya tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Malam, wannan abar da kai take. Me ka yi mata?"

"Ɗauki kwanonki ki tafi gida," ya ce. Bai taɓa yi mata magana haka a gaban mutane ba.

Kwana huɗu jitar tana jingine a kusurwar shago, lulluɓe da tsohon zani. Ko a kashe take, in ya juya mata baya sai ya ji kamar akwai mai jiran ya gama abin da yake yi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Ya yanke shawara zai kai ta a naɗe, Christy ta jona, shi ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwansa a baya. A rana ta biyar Christy ta bugo waya ta ce numfashin Baba ya soma sauyawa, in an gama a kawo.

Kyari ya sami Albert a zaune a kujerar roba kusa da gado, an tokare shi da matasai, ƙafafunsa babu takalmi a kan siminti. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da Christy ta yaye zanin ta jona jitar da amfilifayar da Kyari ya zo da ita, idon Albert ya buɗe. Ya miƙa hannun hagu ya shafa jan fentin, ya bi ƙugun da bayan yatsunsa, ya taɓa tsirkiya ɗaya ta yi ƙara siririya. Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Sannan ya dubi Kyari, ya nuna jitar da haɓa, ya sake dubansa.

"So yake ka kaɗa masa, Baba Kyari," in ji Christy. "Ya sha faɗa mana shi ya koya maka."

"Na manta, ƴata. Hannuna ya yi tsami."

"Ko kaɗan ne." Kafin ya sake magana ta jawo kujera gaban mahaifinta, ta zaunar da shi, ta ɗora masa jitar a cinya.

Yatsunsa suka sauka a kan tsirkiya, ƙugin ya cika ɗakin, har gilashin taga yana amsawa. Christy ta toshe kunne ta nufi soket. Albert kuwa jikinsa duka ya ƙame a kujera, idanunsa suka fito, daidai yadda suka fito a wancan yammacin. Shi ma ya gane muryar.

"Bar shi, kada ki kashe," in ji Kyari. Bai ɗauke hannunsa ba. Ya ɗaga murya sama da ƙugin. "Albert, ni ne. Ni na yanke fulogin, ni na bar waya ta uku a sake, na danne sauran da tsinken ashana. Layar da aka tsinta tawa ce, innata ce ta ba ni. Simon bai yi maka komai ba, ko da ƙwayar zarra. Ina tsaye aka ɗora masa, na yi shiru don ina tsoro, na kuma ci gaba da zuwa gidanka ina cin abincinka."

Can sai ƙanƙamammen hannun nan ya taso daga cinyar Albert a hankali, ya kama wuyan hannun Kyari. Ƙugin ya ɗauke ɗif. Aka koma jin kukan adaidaita a titi da wata mai tallan gyaɗa. Daga baya Kyari ya yi ta gaya wa kansa cewa ƙafar Albert ce a kan siminti ta kwashe wutar, amma shi ma ya tsaya a kan siminti ba takalmi a shagonsa, bai ga haka ba.

Riƙon ya daɗe, kuma da ƙarfin da ba a zaci mai ciwo yana da shi ba. Bakin Albert ya yi ta kokawa, har kalma ɗaya ta fito, ta farko a wata uku.

"Simon."

Christy ta fashe da kuka tana laluben wayarta. Albert ya saki hannun Kyari, ya juya fuskarsa bango. Kyari ya jira, ya kira sunansa sau biyu, bai juyo ba. Ya jingine jitar a jikin gado ya fita.

Simon ya iso washegari da hantsi. Christy ta ce da ya shigo, Albert ya miƙa masa hannu tun daga bakin ƙofa. Kwana tara suka samu. Simon yana kaɗa masa jitar da rana, da yatsun da suka manta rabin abin da suka sani, Albert yana bin sa da nasa a kan zanin gado. Kyari ya je ranar Lahadi kamar kullum, aka yi masa iso, ya ga ƙeyar abokinsa, ya dawo. A rana ta goma aka kai Albert makwancinsa, Kyari yana can baya cikin jama'a.

Bayan sati biyu wani tsoho mai furfura ya tsaya a ƙofar shagon, da abu naɗe a zani. Kyari ya miƙe tsaye.

"Simon, ka yafe..."

"Malam Kyari, ban zo don wannan ba." Ya ajiye jitar a kan tebur. "Aikinka ne, kuma ya yi kyau. Amma ba zan iya kwana da ita a ɗaki ba. Innarmu ta mutu tana ɗauka ni na yi." Ya gyara hularsa, ya tare adaidaita ya tafi.

Da lungu ya ɗan lafa, Kyari ya jona ta ya kunna, ya ɗora tafin hannunsa duka a kan tsirkiyoyin. Shiru. Ya ɗaga ya sake ɗorawa, ya danna har suka yi masa shaida a fata, ba ta ce masa komai ba.

Tana nan rataye a bangon shagon har yau, sama da tarin rediyoyi. Masu wucewa sukan taya, yakan ce ba ta sayarwa ba ce. Ranar Lahadi da yamma, lokacin da ya saba kama hanyar Sabon Gari, yakan sauko da ita ya jona, ya zauna da hannunsa a kan tsirkiya yana saurare, har a kira magariba.